Tsallen Kyaftin

Maganar ta iso mini ne ta bakin matar ɗana, wadda ba ta taɓa kawo labari da kansa da ƙafafunsa a haɗe ba. Wai mijin Auta macuci ne. Wai ya buɗe gidan caca, ya saka wa injin wata dabara a ɓoye, yana ta kwashe dukiyar jama'a, kuma wanda ya fi zalunta shi ne yayan matarsa, wato ɗana.

Na cire tabarau na dube ta. Mutumin da ake magana a kai ma'aikacin lantarki ne, Injiniya muke ce masa, kuma tun da ya faɗo daga kan turken wuta bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Daga gado sai keken guragu, daga keke sai gaban tebur.

Na ce, "A ina ya buɗe gidan cacar? A ƙarƙashin gado?"

"A can sararin sama, Mama. A cikin kwamfuta."

Sai da na yi ta jan ta da tambaya kafin na gane. Akwai wani wasa da ake yi ta intanet, inda kowa yake da ɗan mutum-mutuminsa da kumbonsa, yana yawo daga wannan duniya zuwa waccan, yana haƙar ƙarfe, yana gina abin da ya ga dama. An sakar musu sama gaba ɗaya, taurari ba iyaka, duk inda ka nufa babu mai tare ka. Da suka rasa yadda za su yi da wannan faɗin, sai suka gina ɗakuna marasa taga, suka shige ciki suna caca. Magidanta ne fa, wasunsu da furfura a gemu.

Suna da ƙungiya, suna da shugaba da suke kira Gwamna, suna da doka. Dokar ta ce duk maginin da aka kama da wani abu a ɓoye cikin injinsa, a rushe duk abin da ya gina, a kore shi, kada wani ɗan ƙungiya ya sake kula shi. Ɗana ya kai ƙara gaban Gwamna, an sa ƙarshen mako za a zauna.

Na yi tsaki na mayar da tabarau. Da a nan maganar ta mutu a wurina, sai ga wayar Auta da yamma.

"Mama, kin ji abin da Yaya ya yi?"

"Na ji. Manya biyu suna faɗa a kan ƙarfen da ba ya tsatsa."

"Ba abin dariya ba ne." Muryarta ta yi ƙasa, na san ta fita tsakar gida ne don kada mijin ya ji. "Kin manta yadda yake bayan an sallamo shi daga asibiti? Fuska a bango, ba magana, ba wanka, abinci sai na yi kuka. Wasan nan ne ya juyo da shi. Yanzu da safe shi yake cewa in tura shi gaban tebur, wai mutanensa suna jira. Abokan aikinsa na da, wa ya sake leƙo shi? Waɗannan na cikin kwamfuta su kaɗai suka rage masa. Idan suka kore shi, bangon zai koma."

"Ya yi abin da ake cewa ya yi?"

Sai ta ce, "Mama, ki dai yi wa Yaya magana."

Na daɗe ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi, na kuma san cewa idan ka tambayi ɗalibi e ko a'a ya ba ka wata amsa daban, akwai abin da ke ƙasa. Washegari na shirya na tafi kemis ɗin ɗana.

Na same shi a bayan kanta yana auna wa wata mata maganin tari. Ɗana mutum ne mai tumbi da muryar ba da umarni, kuma a cikin wasan sunansa Kyaftin. Shi ya raɗa wa kansa. Da ya sallami matar ya ja ni ɗan ɗakin baya, inda kwalayen magani suke jibge har rufi, kwamfutarsa tana kan wani tebur a tsakaninsu.

Na ce, "Caca kake yi yanzu, da girmanka?"

"Ba caca ba ce ta gaske, Mama. Ba kuɗi a ciki. Ƙarfe ne na wasa da man kumbo."

"To me kake wa kuka?"

"Ya cinye mini kumbona! Babban, mai fiffike huɗu, wanda na yi wata da watanni ina haɗawa. Ba ma kumbon ba, raini ne. Ni yaron nan zai mayar abin dariya a gaban jama'a? Ni da na goya shi a bayana na sauko da shi daga benen asibiti? Kwamfutar da yake cutata da ita, wa ya kai masa?"

"Ina hujjarka?"

Ya gyara zama kamar lauya. "Tun da ya buɗe wurin nan, ban taɓa ci ba. Ko sau ɗaya. Alhali ba wanda ya kai ni sanin sirrin wasan."

"Wane sirri?"

"Inji yana karanta inda mutum ya tsaya. Saboda haka sai ka nuna masa ja, ka bari ya saki jiki, dab da ƙararrawa ka yi tsalle ka koma kore. Yaudarar inji ke nan. Manyan 'yan wasa duk haka suke yi."

"Wa ya ce inji yana karantawa?"

"Kowa ya sani, Mama."

"Kowan nan na daɗe ina neman gidansa, har yau ban samu mai kwatanta mini ba."

Ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba. "Ga babbar hujjar ma. Ranar nan da bakinsa ya kira ni, wai, Yaya, don Allah ku daina tsallen nan, ku riƙa tsayawa wuri ɗaya. Kun ji? Mai gidan caca yana koya mini yadda zan ci shi! Tarko ne. So yake in tsaya cak ya yanka ni."

"Ai ko da tsallen ma ya yanka ka."

"Shi ya sa na ce akwai abin da ya ɓoye."

Na ce ya saka mini wasan a tsohuwar kwamfutata, in shiga in gani da idona, amma kada ya gaya wa kowa ko ni wace ce. Murna ta kama shi, ya samu shaida. Ya zo gida da kansa ya haɗa komai, ya yi mini wani mutum-mutumi mai ƙaton kwano a kai, ya nuna mini madannan tafiya, ya rataya mini abin ji a kunne. Ranar farko bango kawai na yi ta karo da shi. Wani ya wuce ni yana cewa, "Sabon shiga, ƙofar tana hagunka, ko makaho ne?" Na kusa gaya masa shekarun da na yi ina gyara wa irinsa kuskure da jan biro, sai na tuna ban zo faɗa ba.

Gidan cacar yana kan wani wata mai launin toka, a bakin wani rami. Daga waje, idan ka ɗaga kai, wata ƙatuwar duniya ce mai zobe ta cika rabin sama, abin da ko ni sai da na tsaya kallo. Ban ga ko mutum ɗaya ya ɗaga kai ba. Kowa yana sauka daga kumbo sai ya ruga ciki kamar ana rabon gado.

Ciki kuwa, dole in faɗi gaskiya, aikin hannun Injiniya ne sak. Na san wayarin ɗinsa, shi ya yi na gidana, ba waya ɗaya da ta hau kan 'yar'uwarta. Haka ya yi a nan. Fitilu a jere, wayoyi sun bi bango a miƙe, har da ɗan benci na masu jira, a wurin da ba wanda ƙafarsa take gajiya. Shi kansa yana zaune a wani ɗan ɗaki na gilashi a sama, yana yi wa kowa maraba da sunansa, yana tambayar wannan jikin mahaifiyarsa, yana tsokanar wancan. Muryar da na ji a kunnena ba ta mutumin da na sani a kan keke ba ce. Ta wancan ce, mai hawa turke yana fito.

Injin shi ne wani dogon allo a jikin bango, cike da ƙusoshi. A sama akwai bututu rufaffe, ta cikinsa ƙwallo yake gangarowa. A ƙasa aljihu huɗu ne, ja, kore, shuɗi, rawaya, a daɓe kuma tayil huɗu manya masu irin waɗannan launuka. Ka zuba abin da za ka zuba a akwati, ka je ka tsaya a kan launin da ka zaɓa. Ana sakin ƙwallo, yana cikin bututu kana da damar canja wuri. Da ya leƙo sai ƙararrawa ta kaɗa, daga nan ba motsi. Waɗanda suke kan launin da ya ci su raba abin da sauran suka zuba. Mai gida ba ya ɗaukar komai. Na nemi inda ribar macucin take ban gani ba.

Abin kallo shi ne dab da ƙararrawa. Ɗaki guda na manyan mutane, ana ji a muryoyinsu akwai mai shago, akwai direba, akwai wanda jikoki suke ihu a bayansa, duk sai su hau tsalle kamar an watsa wa kwaɗi ruwan zafi. Na ja ya koma shuɗi, na shuɗi ya koma ja, kowa yana yaudarar allon katako. Wanda ya ci ya ce dabararsa ce. Wanda ya faɗi ya ce ya makara da tsallen.

Na yi 'yan kwanaki ina zuwa bayan azahar. Ni ba na tsalle, yatsuna ba su kai ba. Ina ci ina faɗuwa, kusan sau ɗaya cikin huɗu, daidai yadda hankali ya ce. Masu tsallen ma haka, ba su fi ni ba, ban fi su ba. Matuƙar Kyaftin ba ya ɗakin, injin nan ba shi da aibi.

Amma da zarar ya shigo sai abin ya canja. Mutumin da ya kai ƙarar gidan, kullum yana gidan, wai tara hujja yake. Zai shigo da alkyabbar da ya saya wa mutum-mutuminsa, ya zuba kaya masu yawa, ya tsaya, ya yi tsallensa, ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Ko jaki aka ɗaure a kan tayil ɗaya, wani lokaci ƙwallo zai zo ya same shi. Faɗuwa kullum ba rashin sa'a ba ne, akwai hannu a ciki. A nan na fara ganin matar ɗana za ta yi gaskiya karo na farko a rayuwarta, kuma a kan mijin Auta.

Akwai wani kuma da na lura da shi, siriri, ba ya magana, suna ce masa Jela saboda duk inda Kyaftin ya tsaya nan yake zuwa ya tsaya. Bambancinsu ɗaya, shi ba ya tsalle. Kumbon nan mai fiffike huɗu, Jela ne yake yawo da shi yanzu. 'Yan ƙungiya sun riga sun yanke cewa yaron Injiniya ne, tare suke rabawa. Na taɓa matsawa kusa da shi na ce, "Malam, me ya sa kake bin mutumin nan?" Ya ce, "Ni dai ban san komai ba, na ga wuri mai albarka ne," ya matsa.

Ana jibi za a zauna, na koma kemis don in kalli ɗana yana wasa daga bayansa, ko idona zai ga abin da bai gani daga cikin ɗakin ba. Ya ba ni kujera a tsakanin kwalaye. Ya zuba kaya, ya tsaya a kan ja, ya ɗora yatsa a kan madanni yana jiran lokacin tsalle, harshe a waje kamar yaro mai koyon rubutu. Sai mai jiran kanta ta leƙo ta ce motar kaya ta iso, direban yana sauri, kuma kwali ɗaya ya jiƙe.

"Kai! Mama, ku riƙe mini, kada ku taɓa komai." Ya fita da gudu.

Ban taɓa komai ba. Kyaftin ya tsaya a kan ja da alkyabbarsa, ƙararrawa ta kaɗa, ƙwallo ya sauko yana karo da ƙusoshi, ya faɗa ja.

Ɗakin ya kaure da ihu a cikin abin jin da ya bari a kan tebur. Na ɗauka na saka a kunne. Wani yana cewa, "Kyaftin ya ci! Yau za a yi ruwa a wata!" A cikin hayaniyar na tsinkayi muryar Injiniya, can ƙasa, kamar wanda ya sauke buhu daga kansa: "Alhamdu lillahi."

Mai gidan da ake zargi da cuta ba ya hamdala don wanda yake cuta ya ci. Na leƙa ƙofa, ɗana yana can yana yi wa direba masifa a kan kwali. Na jawo kujera. Na zuba kaya, na tura Kyaftin kan shuɗi, na naɗe hannu. Shuɗi. Na kai shi rawaya. Rawaya. Na mayar da shi ja, na zuba duk abin da ke aljihunsa don in gani. Ja. Jela yana gefena kowane karo, yana kwasar rabonsa ba ko sannu. Kafin ɗana ya gama da direba, ɗakin gaba ɗaya ya daina tsalle, kowa ya zo ya cunkushe a kan tayil ɗin Kyaftin, masu sirrin wasa, manyan 'yan wasa, duk sun koma jela.

Ya dawo yana goge gumi, ya ga abin da ya taru, idonsa ya fito.

"Kun gani ko, Mama? Kun gani? Tsoro ya kama shi! Ya ga zaman ya matso, shi ne yake so ya toshe mini baki. Wannan ma hujja ce."

Ya karɓe kujerar, ya zuba rabin abin da na tara, ya tsaya a kan kore. Dab da ƙararrawa ya yi tsalle ya koma ja, shi kaɗai. Ƙwallo ya faɗa kore.

"Shege!" in ji shi. "Ya gane na dawo."

Na ɗauki jakata na ce sai anjima.

Gidan Auta ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, an zuba siminti a bakin ƙofa an yi gangara saboda keken. Na tarar da ita tana shanya. Ta ga fuskata, ta gaishe ni, ta ɗaga mini labule. Injiniya yana gaban tebur, bargo a kan gwiwoyinsa, tsohuwar jakar kayan aikinsa tana rataye a ƙusa, filaya da abin gwada wuta suna leƙowa, ba ƙura ko kaɗan a jikinsu. Ya zare abin ji daga kunne da sauri, ya sunkuyar da kai.

"Mama, sannunku da zuwa. Ba a gaya mini kuna tafe ba."

"Ai kullum ina zuwa gidanka. Ni ce mai kwano a kai, mai karo da bango."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi Auta.

Na ce, "Ɗazu kuma ni ce Kyaftin, lokacin da ya yi ta ci. Nuna mini abin da ke cikin bututun."

Bai yi musu ba, wannan na yaba masa. Ya juya kwamfutar ta fuskance ni, ya shiga da mutum-mutuminsa ta wata ƙofa a bayan allon, ya cire wani faranti. A can cikin bututun akwai ɗan ƙyaure, da waya siririya da ta bi bango ta haura har ɗakin gilashi, ta ƙare a wasu makunnai huɗu a ƙarƙashin teburinsa. An yi aikin da tsabta, har abin ya ba ni haushi.

"Ka san dokarku?"

"Na sani, Mama."

"To me ya kai ka?"

Auta ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Ni na sa shi. Ranar da aka buɗe wurin Yaya ya faɗi sau biyu, ya kira ni yana faɗa har kunnena ya yi zafi. Na ce masa, don Allah ka yi yadda za ka yi Yaya ya riƙa ci, mu samu lafiya."

"Ba don faɗan kaɗai ba," in ji Injiniya. "Mama, mutumin nan ya goya ni. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar a kan matakala, bai ajiye ni ba. Me nake da shi da zan ba shi? Ba na iya ko canja masa ƙwan fitila yanzu. Na ce to, bari ko a nan ya riƙa shigowa yana fita da fara'a. Wallahi ban taɓa taɓa makunnin nan don wani ba, ko don kaina."

"Jela fa?"

"Ban san shi ba, ko muryarsa ban cika ji ba. Ido ne da shi kawai."

"Da ka ga abin ba ya yi, me ya hana ka bari?"

Ya shafa kai. "Ƙyauren yana da nauyi, idan na juya shi ba ya dawowa sai ƙwallo ya wuce. Kowane karo sai in ce, yau dai zai gaji da tsallen. Da ya rasa kumbon nan kwana na yi ban ci abinci ba. Na ce to yanzu dole in mayar masa, sai na ƙara dagewa. Na roƙe shi da bakina, kun ji abin da ya mayar da roƙon. In gaya masa gaskiya kuma, ya kai ni gaban Gwamna da hujja a hannu." Ya dubi bangon da ke gefen gadonsa, sannan ya dawo da ido kaina. "Mama, idan kuka faɗa a zaman nan, shi ke nan. Ba ruwansu da don wa na yi."

Na dube su su biyun, mai dabara da mai ba da shawara. Na ce, "Ku dai Allah ya haɗa ku. Cire wannan abin yanzu, ina kallo. Da wayar, da makunnan."

Ya cire. Sai da ya naɗe wayar da kyau kafin ya jefar, ko a cikin wasa.

"Yaya fa?" in ji Auta.

"Yayanki nawa ne."

Da safe na koma kemis kafin masu saye su yi yawa. Yana jera kwalabe a kan kanta, yana ta bitar jawabin da zai yi a gaban Gwamna, har da ɗaga yatsa.

"Mama, kun zo a daidai. Gobe ku za ku fara magana. Ku ce musu ku malamar lissafi ce, ku gaya musu abin da kuka gani."

"Zan gaya maka kai tukuna. Idan ka ji, ka zaɓa. Ko ka kira Gwamnan naka yau ka janye, ko gobe in maimaita shi a gaban duk masu ce maka Kyaftin, da Jela a sahun gaba. Mijin ƙanwarka zai rasa gidan cacarsa, wannan gaskiya ne. Kai kuma ka yi tunanin sunan da za su sa maka."

Ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. Ya ce wa mai jiran kanta ta je ta sayo katin waya.

Kafin azahar ya kira Gwamna ya janye ƙarar, ya ce albarkacin zumunci ya yafe. Gwamna ya yaba masa a gaban ƙungiya, wai halin manya. Gidan cacar yana nan a bakin raminsa, Injiniya yana ɗakin gilashi yana yi wa mutane maraba da safe, 'yan ƙungiya suna ta tsallensu. Jela ya daina zuwa. Abin da na gaya wa ɗana a bakin kanta shi ne:

"Akwai ƙyaure a cikin bututun, mijin Auta ne ya saka shi, kuma dominka ya saka. Tun ranar da ya saka shi, duk lokacin da ka tsaya a kan launi, can yake tura ƙwallon. Ba a taɓa sakin ƙwallo kana ɗakin ba sai ya faɗa inda ka fara tsayawa. Kai ne kake tsalle ka bar wurin."